Baƙin Da Suka Ratsa Damargu Da Abin Da Suka Hango Daga Zaure

A ranar 11 ga watan Janairu na 1851 wasu Turawa uku suka yi bankwana da juna a wani ƙauyen Damargu mai suna Tagelel. Jagoransu James Richardson, mutumin Ingila, ya kama hanyar Zinder. Sauran biyun, Heinrich Barth da Adolf Overweg, Jamusawa ne da ke tafiya da sunan gwamnatin Ingila, su kuma suka nufi wajen Tasawa. Sun rabu a kan za su haɗu a Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani, amma Allah bai nufa ba. Richardson ya mutu a hanya cikin watan Maris na shekarar, Overweg ya mutu a 1852 a gaɓar tafkin Chadi, Barth ne kaɗai ya koma gida a 1855.

Zaman da suka yi a Damargu bai cika kwana goma ba. Duk da haka, ɗalibin Gangara ko Tanut ko Belbeji da aka ba aikin binciko yadda kakanninsa suka rayu, in ya shiga ɗakin karatu ko ya buɗe intanet a waya, rubutun waɗannan mutane da na waɗanda suka biyo sawunsu zai fara cin karo da shi. An buga littafin Richardson a 1853 bayan mutuwarsa, na Barth kuma ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci. Daga irin waɗannan littattafai ne Turai ta ɗauki hoton yadda muke aure da yadda muke zama da iyali. Saboda haka ya kamata malami da uba su san yadda aka yi wannan rubutu, domin su iya nuna wa yaro inda za a dogara da shi da inda za a ɗaga masa ƙafa.

Mu fara da hanyar da suka shigo. Sun taso daga Tarabulus a watan Maris na 1850, suka ƙetare hamada, suka yi watanni a Abzin ƙarƙashin kariyar Annur, wani dattijo mai faɗa a ji cikin Abzinawan Kel Owe. A watan Disamba suka biyo ayarin gishirin da ya ɗauko kaya daga Bilma zai gangara ƙasar Hausa. Damargu ita ce ƙasar noma ta farko da matafiyi ke takawa in ya fito daga arewa, kuma Barth ya fahimci matsayinta nan da nan: ita ce rumbun da Abzin ke ci daga gare shi. Mazaunanta Dagirawa ne masu jin Barbarci, da Hausawa, da Abzinawa da barorinsu, da Fulani makiyaya. Tagelel ɗin da suka sauka ƙauyen Annur ne, mutanensa ke noma masa gero a wurin.

Wannan ya nuna cewa Turawan sun shigo Damargu a matsayin baƙin ubangida. Wanda ya sauke ka shi ke zaɓa maka inda za ka kwana, shi ke nuna maka wanda za ka gaisa da shi, kuma ta bakinsa kake jin labarin maƙwabtansa. Manomin da ke auna wa Annur gero ba zai zo ya zauna gaban baƙon Annur ya buɗe cikinsa ba. Richardson yana jin Larabci, yawancin labarin da ya tara ta hannun tafinta da fataken Larabawa ya same shi. Barth ya fi shi, domin ya koyi Hausa a bakin 'yan ayari, har ya ɗauki sunan Abdulkarim, amma Hausar da ya samu a lokacin ta zango ce da kasuwa, wadda maza ke yi da maza.

Sai kuma lokacin da suka zo. Janairu tsakiyar ɗari ne, an gama kaka, rumbuna cike suke, mata na kawo nono da man shanu da kaji bakin zango. Wanda ya ga Damargu a wannan wata zai tafi da labarin ƙasar wadata. Da a ce a ƙarshen bazara suka ratso, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, samari suka tafi cin rani, gero ya yi ƙasa a rumbu, da wani labarin daban suka kai gida. Ba za a ce ko ɗaya ƙarya ne ba, sai dai kowanne yanki ne na shekara guda.

Babban shingen da ya fi waɗannan duka shi ne ginin gidan kansa. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ko inuwar ƙofar gida in gidan na zana ne. A nan za a kawo masa ruwa da fura, a nan maigida zai yi hira da shi. Bayan zauren kuwa akwai duniyar da ake raba kwana, ake girki, ake renon yara, ake shirya aure tun kafin maza su ji labari, ake adashi da ƙananan sana'o'i. Turawan nan uku ba su da hanyar shiga can. Abin da suka rubuta game da iyali, ko dai sun hango shi daga nesa, ko wani namiji ne ya faɗa musu, sau da yawa ma namijin da ba ɗan garin ba.

Ga misali. Da Richardson ya isa Zinder a tsakiyar Janairu, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta cewa sarkin yana da mata ɗari uku. Shi bai shiga cikin gidan ya ƙirga ba, ji ya yi. Duk wanda ya san gidan sarauta ya san cewa matan da ke cikinsa kala-kala ne: akwai matan aure waɗanda shari'a ta iyakance su huɗu, akwai ƙwarƙwarori, akwai kuyangi, akwai jakadu, akwai gwaggwanni da 'yan'uwa da zawarawan dangi da suka dawo gida. Kalmar Turanci guda ɗaya ta haɗiye su duka, mai karatu a Landan kuwa ya tashi da cewa mutum ɗaya ya ɗaura aure sau ɗari uku. Haka kuma kafin su shigo Damargu sun yada zango kwana ɗaya ko biyu wajen Abzinawan Tagama, suka yi wa mutuncin matan ƙabilar baki ɗaya mummunar shaida a kan abin da suka ce sun gani a bakin zangon ayari. Hukuncin kwana biyu ya zauna a littafi fiye da shekara 170.

Ba zagi kaɗai suka rubuta ba. Barth ya yaba tsarin gidajen Tasawa, da tsabtarsu da inuwarsu da fara'ar mutanen garin. Da ya isa Kano a farkon Fabrairu 1851 ya ƙiyasta mazaunanta dubu 30, ya kuma yi mamakin yadda saƙa da rini ke ciyar da ƙasa guda alhali a cikin gidaje ake yin su, iyali na tare, ba kamar manyan masana'antun Turai da ke tara mutane cikin ƙunci ba. Yabo ne mai daɗin ji, amma a lura da inda ya fito. Barth ya baro Turai ana kuka da yadda masana'antu ke raba uwa da ɗanta, shi ya sa da ya ga masaƙi yana aiki a ƙofar gidansa abin ya burge shi. Richardson kuma ɗan gwagwarmayar hana cinikin bayi ne tun kafin ya taso, don haka idonsa na kan sarƙa da mari duk inda ya shiga. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kowannensu da mudun garinsu ya auna mu.

Kada a ɗauka wannan hali na Bature ne kaɗai. Shekara 500 kafin Barth, Ibn Battuta, malami kuma alƙali daga Tanja ta ƙasar Maroko, ya sauka Walata a 1352. Ya tarar da Musulmi masu kiyaye salla, amma matansu ba sa lulluɓe fuska, suna hira da mazan da ba muharramansu ba, kuma mutum ɗan 'yar'uwarsa ke gadonsa. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, har ya ce bai taɓa ganin irin wannan gado ba sai wajen waɗanda ba Musulmi ba a gaɓar Malabar ta ƙasar Indiya, inda ya taɓa zama. A 1353 ya zo Takadda, yamma da Agadas, ya ratsa Abzin ya koma gida. Barth ma ya tarar da irin wannan tsari wajen Kel Owe, inda sarauta ke bin ɗakin uwa, kuma miji ne ke zuwa ya zauna inda matarsa take. Balarabe Musulmi ya ga abin a matsayin saɓa wa ƙa'ida, Bajamushe Kirista ya gan shi abin al'ajabi, su kuwa masu abin suna da dalilinsu: a ƙasar da maza ke yin watanni a kan hanyar Bilma da Kano, gida da dukiyar da suka tsaya a hannun mace su ne ba sa watsewa.

Baƙin da suka biyo baya da bindiga suka zo. A ƙarshen Oktoba na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Fernand Foureau da Kwamanda Lamy, wadda ta taso daga Aljeriya shekara guda kafin nan, ta sauko daga Agadas ta yada zango a Gangara, kafin ta isa Zinder ranar 2 ga Nuwamba. Sun iso a galabaice, yawancin raƙumansu sun mutu a hanya. A cikin wannan shekarar ce wata rundunar ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa masu yawa kafin ta tarwatse a wajen Maijirgi kusa da Tasawa, kuma a ƙarshen Yuli Faransawa suka ci Zinder. Sai mai karatu ya auna da kansa: magidancin da ya ga sojoji ɗaruruwa sun sauka bayan gari da yunwa, a shekara irin wannan, me zai nuna musu na gidansa? Zai fitar da gero da kaji don a rabu lafiya, ya kawar da mata da yara daga ido. Foureau ya buga labarin tafiyarsa a 1902, akwai bayanin rijiyoyi da itatuwa da nisan zango a ciki mai amfani har gobe, amma mutanen da ya gani mutane ne da ke cikin tsoro.

Bayan an kafa mulkin mallaka sai wani salo ya shigo. Marubutan Turai da yawa sun kamu da son Abzinawa masu rawani da takobi, irin su Francis Rodd na Ingila wanda ya ratsa Damargu a 1922 ya buga littafinsa a kansu a 1926. Sun yi ta yaba 'yancin matan Abzinawa, manoman da ke ciyar da ayarin kuwa aka bar su a gefen shafi kamar ba su da tarihi. Sai a 1980 Stephen Baier, wanda ya zauna ya yi hira da dattawan yankin, ya nuna a littafinsa na tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar yadda makiyayi da manomi da bafatake suke a sarƙe da juna tun daga Abzin har Kano, ta yadda in fari ya zo mutanen arewa ke gangarowa kudu wajen waɗanda suka saba hulɗa da su.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce hirar tarihi shi ne, ganin baƙo yakan zama doka. Turawan mulki da 'yan mishan sun kalli dukiyar aure suka ce sayen mace ake yi. A kan wannan fahimta Faransa ta kafa dokar Mandel a 1939, wadda ta sa shekara 14 ga yarinya da 16 ga yaro a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure tare da sharaɗin yardar su biyun, sannan dokar Jacquinot ta 1951 ta zo don taƙaita dukiyar auren. Wanda ya tsaya a zaure kuɗin da dangin ango suka miƙa kawai yake gani. Bai ga cewa sadaki a Musulunci haƙƙin amarya ne ba, bai ga gara da kayan ɗakin da uwar amarya ta yi shekaru tana tarawa ba, waɗanda sau da yawa sukan fi abin da angon ya kawo, bai kuma ga bikin da mata ke yi wa juna ba, wanda bashi ne da ake riƙe lissafinsa a ka, a mayar da shi da ƙari ranar da abin ya zagayo. Sai da Guy Nicolas ya yi shekaru a Kance da Maraɗi kafin ya bayyana wa masu karatun Faransanci wannan lissafi.

Hoton bai fara gyaruwa ba sai da aka samu baƙuwar da ta wuce zaure. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, wadda ta raka mijinta bincike a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, tana rubuta tarihin rayuwarta da Hausa daga bakinta. Littafin ya fito a 1954. Baba ta yi aure sau huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurar da su. Daga bakinta ne mai karatu na waje ya gane cewa uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya take yi, son yana nan. Ya gane cewa ba da ɗa riƙo ga gwaggo ko kaka hanya ce ta ɗaure zumunci, ya ji yadda kishiyoyi ke faɗa da yadda suke shiryawa, da yadda mace ke fita daga auren da ba ta so. Haka Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa matan kulle da ake cewa ba sa aikin komai suna tafiyar da kasuwa guda daga cikin ɗakunansu ta hannun yara masu talla. Matan nan biyu ba su fi Barth kaifin basira ba. Sun daɗe a wuri ɗaya, kuma mata sun yi musu magana.

Akwai kuma wanda ya juya madubin. Dorugu yaro ne Bahaushe daga Dambanas kusa da Kance, ɗan manomi kuma makaɗi. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Zinder, daga nan Kukawa, inda Overweg ya 'yanta shi. Bayan mutuwar Overweg ya bi Barth har Tumbutu, kuma a 1855 ya tafi da shi Ingila tare da wani saurayi mai suna Abbega. A can wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya rubuta labarinsa da Hausa yadda ya faɗa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya ba da labarin gidansu da yadda bauta ta watsa shi, ya kuma kwatanta zaman Turawa yadda ya gan shi, har da yadda maza da mata ke haɗuwa a teburi guda wajen cin abinci da ƙa'idodinsu masu yawa. Ya dawo Afirka a 1864, ya rasu a Kano a 1912. Duk malamin da zai karanta wa ɗalibai shafin Barth, ya dace ya haɗa musu da na Dorugu, su ga cewa al'adar Bature ma abin kallo ce a idon wanda bai saba da ita ba.

Mu ma muna da namu kallon daga zaure, kuma ƙasar Indiya ce misali mafi kusa. Shekaru da dama ke nan finafinan Indiya suna cikin gidajenmu, tun zamanin silima har zuwa na fassarar Hausa da yara ke kallo a waya. Da yawanmu za su rantse sun san auren Indiyawa, da biyayyarsu ga iyaye, da zaman surukai. Amma nawa ne suka san cewa a yawancin ƙasar dangin amarya ne ke biyan dangin ango dukiya, har gwamnati ta haramta hakan a 1961 saboda bala'in da yake jawo wa mata? Nawa ne suka san cewa ƙasar tana da manyan harsuna fiye da 20, da Musulmi masu yawan da ya ninka mutanen Nijar sau da dama, kowane yanki da irin aurensa? Laifi tudu ne. Indiyawan ma sun sha irin abin da muka sha: a 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, bayan 'yan watanni a ƙasar, ta buga littafi da ya tattara munanan labaran auren ƙananan yara ya mai da su hoton ƙasar baki ɗaya, har Gandhi ya kwatanta shi da rahoton mai duba magudanar ƙazanta. Sai dai Indiyawa ba su tsaya ga fushi ba. Ƙungiyoyin matansu da 'yan majalisarsu sun matsa har aka kafa dokar 1929 da ta sa iyakar shekarun aure.

Wannan darasi na ƙarshe shi ne ya fi wuyar haɗiya. Cewa baƙo bai ga komai da komai ba, ba ya nufin duk abin da ya gani ƙarya ne. Richardson ya ga an shigo da bayi Zinder daga harin da aka kai wa garuruwan da ba su da nisa, ya ga tsofaffi da yara a cikinsu, kuma labarin Dorugu daga bakinsa ya tabbatar da cewa haka abin yake. Masanin tarihinmu André Salifou, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa, bai ɓoye wannan ba a littafinsa na 1971 kan Damagaram a ƙarni na 19. Sai a 2003 Nijar ta sa hukuncin bauta a dokar laifuka, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba Hadijatou Mani gaskiya a ƙarar da ta kai kan bautar da aka yi da ita. Haka batun auren wuri: binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Duk malamin da ya ga kujerun 'yan mata suna zama wayam daga aji biyar zuwa shida bai buƙaci baƙo ya faɗa masa ba. Tallar da Polly Hill ta gano a matsayin ƙafar kasuwar mata, ita ce kuma ke hana yarinya zuwa makaranta da safe. Wani lokaci ido na waje yakan ga abin da sabo ya rufe mana.

Baƙin ba su daina zuwa ba. A yunwar 2005 'yan jarida sun cika Maraɗi da Zinder, wasu jaridun Turai suka buga cewa mazan Nijar na kulle rumbu su bar mata da yara da yunwa. Wanda ya san noma ya san cewa rufe rumbun gandu bayan kaka har zuwa faɗuwar damina tsohuwar dabara ce, domin a samu abin da za a ci lokacin da kowa ke duƙe a gona, kafin nan kuma ana lallaɓawa da abin da gamana da cin rani suka kawo. Wanda ya san gari kuma ya san akwai mazan da ke fakewa da wannan dabara su yi sakaci da haƙƙin iyali. Ɗan jaridar da ya zo da safe ya koma da yamma rabin maganar ya ɗauka, ya kuma yi mata kanun labari. Rumbun da Barth ya ƙirga a 1851 a matsayin alamar wadata, shi ne wani ya ɗauki hotonsa bayan shekara 154 a matsayin alamar mugunta, kuma dukansu biyu daga waje suka tsaya.

To, me ya rage ga malami? Kada a ɓoye wa ɗalibai waɗannan littattafai, domin babu wani rubutu da ya kai su bayanin hanyoyin ayari da farashin kaya da sunayen garuruwan wancan zamani. A ɗauko shafi ɗaya a fassara musu, sannan a sa su yi wa marubucin tambayoyin da alƙali ke yi wa mai shaida. Kwana nawa ya yi a garin, kuma a wane wata? Wa ya sauke shi? Da wane harshe ya yi magana? Abin da ya faɗa, gani ya yi ko ji? Akwai mace ko bawa ko talaka da ya yi magana a shafin? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi a kan Barth zai yi su a kan rahoton ƙungiyar agaji, zai yi su a kan bidiyon da aka turo masa a WhatsApp game da wata ƙabila ko wata ƙasa.

Iyaye kuma nasu aikin ya fi gaggawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, bayanin mai wucewa ne zai zauna. Baba ta Karo ta rasu a 1951, shekara guda bayan an gama rubuta labarinta, da an yi jinkiri kaɗan da duk ya tafi tare da ita. A Gangara da ƙauyukan da ke kewaye da ita har yanzu akwai tsofaffin da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 da idonsu, suka san wanda ya riƙi ɗan wa a lokacin, da yadda aka yi aure babu gero a rumbu, da abin da iyayensu suka ba su labari na zuwan Nasara. Wayar da ke aljihun kowane saurayi tana ɗaukar murya. A tura jika wajen kakarsa da yamma ya tambaye ta yadda aka yi aurenta, me aka kawo, me aka kai, wa ya yanke shawara, me ta so, me ta ƙi. A rubuta da Hausa ko Barbarci ko Tamashek yadda ta faɗa, a sa kwanan wata da sunan gari, a ajiye kwafi a makaranta. A Yamai akwai cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa tun 1968 don irin wannan aiki, amma ba sai an jira ta iso Damargu ba. Littafin rubutu guda da haƙurin sauraro sun isa a fara a wannan hutun.